Tukunyar da Ta Yi Mini Hira

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan manta da damunar da tukunya ta yi mini hira a ɗakina ba. Shekaru sun ja, haƙorana sun ragu, wasu daga cikin waɗanda aka yi abin a gabansu sun riga mu gidan gaskiya. Amma duk ranar da hadari ya haɗo a Ibadan, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar dawa, sai abin ya dawo mini sabo fil.

Ni mai kunun zaƙi ce. A nan Sabo, a wancan lokacin, idan aka ce a je a sayo kunu, to ƙofata ake nufi, kuma wannan ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wanda ya tashi a layinmu. Sauran mata sukari suke antayawa har ya riƙa ɗaure wa mutum maƙogwaro. Ni da tsiro nake yin nawa. Za ki jiƙa dawa, ki tsane ta, ki shimfiɗa a kan buhu ki lulluɓe, kina yayyafa mata ruwa kina juyawa, har ta fito da 'yar farar wutsiya. Sai ki shanya, ki niƙa. Idan kika zuba garin nan a kan gasara mai ɗumi, kaurin zai saki, zaƙi ya fito da kansa, zaƙi mai sanyi wanda ba ya gundurar mai sha.

Mata sukan ce, "Iya, wai a ina kika koyi wannan?" Sai in ce, "A gida." Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa ba. Mahaifiyata Bamagujiya ce, a wani ƙauye can ƙasar Kano, kuma burukutu take dafawa. A tsakanin manyan tukwanenta na yi rarrafe. Ina budurwa na musulunta, na auri wani mai fataucin goro, ya kawo ni Ibadan. Ranar da muka sauka ya ce mini, "Abin da ya wuce ki bar shi a tasha. Mutanen nan suna son sanin kakan kowa." Na bar shi kuwa. Ko rasuwar mahaifiyata sai da aka daɗe da binne ta labari ya iso ni, na yi kukana a banɗaki don kada a tambaye ni wa ya mutu.

Lokacin da abin nan ya faru, maigidana ya rasu. Ɗana yana Fatakwal, 'yata tana aure a Kano, sai ran Juma'a su kira ni a waya, a gaisa a gurguje. Da hantsi yara sukan cika ƙofata da kofuna, mata su leƙo a yi 'yar dariya. Da zarar robar kunu ta ƙare, shi ke nan, ɗakin sai ya yi tsit. Gida ne na haya cike da mutane, amma kowa da nasa. Nakan zauna ina jin cokulan wasu suna ƙara a kwano.

Wata safiya na je Kasuwar Shasha sayen dawa, na tarar da wani tsoho Bayarabe a gaban mai hatsina, ya sa wata 'yar hula irin ta Turawa, ya buɗe leda yana ta bayani. Mai hatsi na ganina ya washe baki.

"Yawwa, Baba, ga uwar tsiro nan ta zo. Ita za ka tambaya, ni sayarwa kawai na iya."

Tsohon ya rusuna ya gaishe ni da Yarabanci, na amsa masa, don shekarun da na yi a garin nan sun sa ina ji ina mayarwa. Ya miƙo mini ledar. Dawa ce ya yi ƙoƙarin tsirarwa, ta yi baƙi, fumfuna ta cinye ta. Ban san lokacin da hannuna ya shiga ciki ba.

Na ce, "Ka cika mata ruwa, kuma ba ka juya ta. Iskar garin nan da kanta jiƙaƙƙiya ce. Kunu za ka yi?"

Ya ce a'a. Ya ce ya daɗe a Ingila yana tuƙa motar haya, a can ya koyi dafa irin giyarsu a gida, wata ja-ja mai ɗan ɗaci, wai ita el. Da sha'ir ake yi, amma a nan samun tsiron sha'ir wuya, shi ne yake son gwadawa da dawa. Matarsa a can aka binne ta, 'ya'yansa sun ƙi dawowa, shi kaɗai ne a gida wajen Mokola.

Na zare hannuna na goge a gefen zane. Na ce, "Baba, ni Musulma ce."

Ya ce, "Na gani, Mama. Ban ce ki dafa ba. Tsiro kawai za ki sayar mini, kamar yadda wannan ya sayar miki da dawa."

Mai hatsi ya ce, "Kada ku sa ni a ciki, ni tiya nake aunawa."

Muka yi dariya mu uku. Ni da na daɗe ban yi dariya da wani babba ba, sai na ji bakina ya ce to.

Damuna ce sosai, rana ba ta leƙowa. Dawar ta tsira lafiya, amma babu inda zan shanya. Sai na hura gawayi kaɗan, na ɗora kasko, na riƙa busar da ita a hankali ina juyawa. Ta bushe, amma ta yi ja, wata har ta ɗan soyu. Na ce shi ke nan, na ɓata wa mutum kaya. Na kai masa kasuwa ina shirin ba shi haƙuri. Mutumin nan ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya tauna, ya lumshe ido, ya buga ƙafa a ƙasa kamar yaro.

"Mama! Wannan shi ne! Haka suke gasa nasu don ya ba da launi. Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Hadari ne ya gaya mini."

Ya roƙe ni in zo in ga yadda ake yi, ko sau ɗaya. Na ƙi, na ƙi, sai ga ni wata safiya na zura hijabina na hau okada. Kada ku tambaye ni dalili. Tsohuwa ce ni, ba mai tsare ni, kuma ba mai jirana.

Gidansa fes, amma shiru irin na ɗakina. A ɗakin girki ya ɗora wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kan gas. Ya ɓarza tsiron, bai niƙa shi luƙwi ba, ya zuba a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba. Yana da wani ɗan tsinken gilashi da yake tsomawa yana duba zafi. Ni kuma na tsoma ɗan yatsa na zare. Ya ce ya yi, na ce ya yi. Ya rufe, ya naɗe tukunyar da bargo kamar jariri, muka zauna muna jira. Ya nuna mini wasu busassun furanni kore-kore da 'yarsa ke aiko masa, na ɗan lasa na tofar, ɗaci kamar maɗaci. Ya ce su ne ke hana giyar lalacewa. Wannan ban taɓa sani ba. Ta wajenmu ba a sa komai, shi ya sa ba ta jure ajiya.

Da ya buɗe tukunyar zai tace, tururi ya taso ya buge ni a fuska.

Jama'a, ba ɗakin girkin Bayarabe na gani ba. Tsakar gidanmu na gani. Ga rumbu, ga bishiyar ɗorawa, ga mahaifiyata ta ɗaura zane a ƙirji, gumi na bin wuyanta, tana juya tukunya da doguwar muciya tana kore mu daga bakin wuta. Tun ranar da na sauka a tasha ban sake jin wannan ƙamshin ba. Kunu ba ya yin sa, sai tsiro mai yawa ya dahu a ruwansa shi kaɗai. Hawaye suka zubo mini. Na ce masa hayaƙi ne. Ya dubi gas ɗinsa da ba ya hayaƙi, ya dube ni. Can sai ya ce, "Ni ma likita ya hana ni sha, Mama. Maƙwabta nake ba wa. Ranar dafawa ce nake so. Matata takan zauna a gefe tana mita wai na cika mata gida da wari."

Kafin ya zuba furannin nan masu ɗaci, kafin ya sa yis ɗin da ke juya shi ya zama giya, ya ɗebi ruwan zaƙin ya cika mini 'yar jarka. Ya ce, "Wannan ba giya ba ce, ruwan hatsi ne kawai. Amma ki shanye yau. Kada ki bari ya kwana."

Ni zai gaya wa? Wannan ruwan mahaifiyata ke ɗiba mana a ƙoƙo muna yara, kafin tukunya ta juya.

Na dawo gida na sha kofi ɗaya, zaƙi har cikin ƙashi. Sauran na juye a wata tukunyar ƙasa, na rufe da faifai, na tura bayan ƙofa. Na ce da la'asar zan raba wa yaran gida. La'asar ta yi ban raba ba. Na ce gobe da safe zan zubar. Gari ya waye, na ɗaga faifan, ƙamshin ya taso, na mayar na rufe.

Ba a daɗe ba, wata tsakar rana bayan kunu ya ƙare, yara suna makaranta, ruwa ya ɗauke, ina zaune a bakin gado ina kallon bango, sai na ji wani ɗan sauti. Ɓul. Shiru. Ɓul, ɓul. Sai wani siririn tsss kamar mutum na raɗa. Na san ko mene ne. Mahaifiyata takan ce tukunya ta farka. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna kusa da ita.

Tun rasuwar maigidana babu abin da ya yi motsi a ɗakin nan sai ni. Yanzu ga wani abu yana numfashi a bayan ƙofa. Na fara yi mata magana. Da farko wasa-wasa, ina cewa, "Ke kuma me kike faɗa?" Daga baya sai na ga da mahaifiyata nake magana. Na ba ta labarin jikokinta da ba ta taɓa gani ba. Na gaya mata yadda garin nan yake, ruwa ba ya ƙarewa, ana cin doya kamar tuwo. Na gaya mata kununa ya fi na kowa, kuma hannunta ne. Tukunya tana ɓul, ɓul, kamar mai cewa ina jin ki. Allah ne shaidata, ko ɗigo bai taɓa harshena ba bayan ta juya. Ba sha nake so ba. Ban dai iya zubar da mai amsa mini ba.

Wari kuwa ba ya zama a bayan ƙofa. Matan gida da suka shigo aron rariya ko canji sukan yamutsa hanci su ce, "Iya, gasararki ta yi tsami." In ce, "Damuna ce." Su fita. Babu wadda ta gane.

Sai ranar da maƙwabciyata Hajiya ta shigo. Wannan Hajiyar atamfa take sayarwa a ɗakinta, ita ke jan mata karatu ran Asabar, maganarta ɗaya ce a layinmu. Ta yi sallama, ta ɗaga labule, ƙafarta ɗaya a ciki. Sai ta tsaya cak. Na ga fuskarta ta canza. Ba ta dubi ko'ina ba, kai tsaye ta dubi bayan ƙofa.

Ta ce, "Inna lillahi. Iya, wannan ai warin gidan burukutu ne."

Ta saki labulen ta juya da sauri, har takalminta ɗaya ya kusa zamewa.

Kafin magariba labari ya kai bakin titi. Washegari na dama kununa kamar kullum, na fito da roba, na zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, ba kofi ko ɗaya. Wata yarinya ta taho da gudu da kofinta, uwarta ta ƙwala mata kira daga taga, ta koma. Abin da ya fi ƙona ni ba rashin ciniki ba ne. Cewa aka yi, "Ashe shi ya sa kununta ya fi na kowa daɗi. Abin take ɗiga masa." Aikin hannuna na shekara da shekaru, juya dawa da sanyin safiya, duk aka tattara aka ba wa giya.

Ni ba na roƙo. Ban bi ɗaki-ɗaki ina rantsuwa ba. Na jira hantsi, lokacin da mata suka cika tsakar gida da wanke-wanke, na rungumo tukunyar na fito. Na wuce ta tsakiyarsu, na kai bakin kwata, na tuntsurar. Kumfa ta bi ruwan sabulu ta tafi. Na ɗaga tukunyar na buga da ƙasa. Na ce, "Ga ta nan. Wadda ta taɓa ganin ɗanta yana tangaɗi bayan ya sha kununa, ta fito ta faɗa." Babu wadda ta tanka. Babu kuma wadda ta saya.

Na koma ɗaki. Shirun da na tarar ya fi na da nauyi, don yanzu na san yadda ɗakin yake idan akwai mai amsawa. Na bar wa mai hatsi saƙo ya gaya wa tsohon nan ba zan ƙara yin tsiron sayarwa ba. Kullum dai ina dama kunu, in fito da roba, in zauna har azahar, in mayar. Na ƙi fasawa. Ran Juma'a 'ya'yana suka kira, na ce lafiya lau.

An ɗauki lokaci a haka. Sai wata la'asar Hajiya ta yi sallama. Ta zauna a bakin tabarma, ba ta saki jiki ba. Ta ce ta zo ne don zumunci. Ta ce in zo wajen karatu ran Asabar, in tashi a gaban mata in ce na tuba, ita za ta sa baki a yafe, ciniki ya dawo.

Na bar ta ta gama. Na ce, "Na ji, Hajiya. Tsakanina da Ubangijina mun riga mun yi magana. Amma ina da tambaya ɗaya. Matan gidan nan kaf sun shigo ɗakin nan, kowace ta ce gasara ce ta yi tsami. Ke ko ƙafarki ta biyu ba ki shigo da ita ba, kika kira abin da sunansa, kika kuma san inda ake ajiye shi. A ina kika san warin?"

Ta kama gefen mayafinta tana murzawa. Ina jin ɗigar ruwa daga bakin kwanon rufi, ɗis, ɗis. Har na fara nadamar tambayar.

Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Kakata ce ta raine ni. Bayan ƙofa take ajiye tata ita ma." Ta dubi bayan ƙofata. "Da na ɗaga labulenki, ba fushi na fara ji ba, Iya. Ji na yi kamar zan gan ta a zaune. Tsoro ya kama ni. Na ga idan ban riga kowa faɗa ba, za a gani a fuskata."

Na ce, "Tawa mahaifiya ce."

Shi ke nan abin da muka faɗa. Mun yi shekaru muna shanya a igiya ɗaya, kowace tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu ɗaya. Muka zauna, tsofaffi biyu, kowace tana share ido da gefen mayafi.

Sai ta ce, "Akwai sauran kunu?"

Na ce, "Roba cike."

Na zuba mata a babban kofi. Ba ta sha a ɗaki ba. Ta tashi ta fita har ƙofar gida, ta zauna a kan bencin da ke kallon titi, lokacin da maza ke dawowa daga masallaci, mata na leƙe ta taga. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta kafa kai ta shanye. Ta ɗaga kofin sama ta ce, "Iya! Ƙaro mini, kuma ki cika shi, kada ki yi mini awon 'yan Shasha!"

Washegari yarinyar nan da aka kira ta taga ita ce ta fara zuwa. Ciniki ya dawo, ko da yake ba duka ba, akwai gidajen da har na daina sana'a ba su sake aikowa ba. Ban tashi a gaban kowa na ce komai ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar, idan robata ta ƙare, sai in ji sallamarta, ta shigo da ɗinkinta ta zauna. Ba ma yawan magana. Sirrinta ban taɓa faɗa ba sai yau da ƙasa ta rufe ta, kuma ko yau ban kira suna ba. Tsohon nan kuwa ban sake ganinsa ba. Mai hatsi ya ce 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi. Nakan ce ko a can akwai mai zama kusa da shi ranar dafawa.

Abin da damunar nan ta koya mini shi ne, kaɗaici yana sa mutum ya riƙe abin da ya san ya kamata ya zubar. Ni da na san tsiro tun ina rarrafe, ba rashin sani ne ya sa na bar tukunyar ta kwana ba, rashin mai amsa mini ne. Don haka idan kuna da tsohuwa a gidanku, kuka ji ɗakinta ya yi tsit, kada ku jira sai wari ya kai ku. Ku ɗaga labule ku shiga, ku zauna, ko ba ku da abin faɗa, tun kafin ta fara hira da tukunya.